Furfurar da Na Yi wa Zanen Khiem

Sana'ata a Hanoi ita ce yi wa matattu kaya. Babur na takarda, firji na takarda, har waya da cazarta. Dangi su saya, su ƙona ranar tunawa da mamaci, kaya su isa can. Shekara talatin ina yi, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce saƙo bai isa ba.

Maƙwabciyata Goggo Luu kaɗai ce ba ta sayen komai a wurina sai ashana. Mijinta Khiem mai zane ne a kan siliki, ya rayu ba mai saye, har ya taɓa musanya zane guda da tayar keke. Da zai mutu ya ce mata, "Tunda nan ba mai kallo, ki riƙa aiko mini ɗaya duk shekara, in gwada mutanen can." Zane arba'in ya bari. Ita kuwa ba ta taɓa fashi ba. Duk ranar tunawa da shi sai ta dafa kaza da shinkafa mai danƙo, ta kunna turare, ta zaro zane ɗaya ta ƙona a tsohuwar garwa a ƙofar gida.

Kwatsam sai wancan na tayar keke ya ɓulla a wani gwanjo a Paris, aka saye shi dala dubu ɗari bakwai. Wani dillali mai suna Quang ya zo da motar da ta ƙi shiga lungunmu. Shekarar farko da ya ga ana ƙona zanen, kuka ya yi, har ya cusa hannu cikin garwar. Kafin ta zagayo ya samo zanen Khiem uku a wani wuri, ya kuma lura duk wanda aka ƙona, nasa sai sun ƙara tsada. Sai ga shi da mai ɗaukar hoto da kwalin ashana.

"Goggo, ko a haɗa biyu bana? Marigayi zai ji daɗi."

"Ji ɗan banza! Ɗaya ya ce."

Wanda abin ke ci shi ne ɗanta Thuoc, ɗan acaɓa mai shekara hamsin da takwas, da rufin ɗakinsa ke yoyo. "Inna, duk shekara fa gidan bene kike cinna wa wuta!"

"Ubanka ya zana, ubanka ya ce. In kana da magana, je ka same shi."

A haka har saura ɗaya, hotonta ita kanta tana 'yar sha tara, zaune a bakin tafki. Wannan kam Quang ya ce kada a ƙona, ya taya dala miliyan biyu. Thuoc ya zo shagona yana hawaye, ya roƙe ni in kwaikwayi zanen, a musanya, ta ƙona na jabu. Na yarda, don tausayinsa ya kama ni, kuma an ce da rabona.

Da safiyar ranar na shiga gidan da kwafin a naɗe cikin rigata. Na tarar ta shimfiɗa na gasken a kan tabarma.

"Nhan, ɗauko burushinki. Ki tsufar mini da yarinyar nan."

Na ce, "Goggo, me?"

"Ki sa mata furfura, ki lotsa kumatun, ki cire haƙoran nan uku. Ina da arba'in da biyar ya bar ni, yau ina da tamanin da biyar, kuma na kusa tafiya. In na aika masa wannan, ita zai tsaya jira a bakin hanya. Sai in zo in wuce ta gabansa bai gane ni ba."

Ta juya ta shiga duba kaza. Lokacin musanya ke nan, ba mai ganina. Ni da duk rayuwata kayan takarda nake aika wa lahira ba kunya, ranar na kasa. Na ɗauko burushi daga shago, na tsoma shi cikin farin fentin da nake yi wa firji, na ɗora a kan gashin dala miliyan biyu. Sannan na bi fuskar na fitar da tamoji.

Quang na shigowa ya gani, ya zube a kan tiren shinkafa, mai hotonsa ya ɗauke shi hoto. Thuoc ya dube ni kamar zai cinye ni ɗanya. Sannan ya dubi zanen, ya daɗe yana dubawa.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ke ce sak."

Ta miƙa masa ashana, shi da kansa ya ƙyasta. Da silikin ya kama, ta sunkuya kan garwar har hayaƙi na shiga idonta.

"Ka duba da kyau, tsohon banza," ta ce. "Haka zan zo."