Hoto Sha Biyu, Babu Fuska

…sai ka gane kurenka, Mai Agogo, wallahi sai ka gane. Bari dai in toshe ƙasan ƙofar nan tukuna. Ina tsumman? Ga tsohon zanen gado, ya isa. Rana tsaka ce a waje, amma sito ya yi duhun da nake so. Buhun gawayi a hagu, keken ɗinkin da ya mutu a dama, ni a tsakiya kan bokitin fenti, kyamararka a cinyata. Taka, eh. Ni na saya, amma tun shekaranjiya ta koma taka, da ita da abin da ta aikata.

Huda suke son gani. 'Yan zauren masu tsofaffin kyamarori na cikin waya, mutum ɗari uku da 'yan kai, tun safe ba su bar wayata ta huta ba. Na rubuta musu komai, ban rage ba — layin da shagonka yake, hoton allonka, har da kai kanka ta bayan gilashi, da madubin nan da kake maƙalawa a ido. Na ce ga tsohon da ya sayar min da kyamara mai huda, ya dafa ƙirji ya ce lafiyarta lau, ta cinye fuskar mahaifina sau goma sha biyu. Wani ya ce dama ya daɗe yana zarginka. Wata ta ce ta fasa zuwa wurinka ranar Asabar. Na ji daɗi? Na ji. Har cikin ƙashina na ji. Sai wani mai son hujja ya ce a shiga duhu, a sa tocila cikin zugazugin, duk inda huda take haske zai tsirto, a ɗauka a turo. To ga ni a duhu. Za su gani. Matarka ma za ta gani in tana da waya…

Zugazugi. Kai ka koya min kiranta haka, baƙar fatar nan mai naɗewa tsakanin gilashin gaba da jikin kyamara, irin ta maƙera. Ka danna ɗan maɓalli, murfi ya faɗo, ta miƙo wuya da kanta, ni kuma na saki baki ina kallo. Ta girmi uwata, ka ce. Tana shiga aljihun riga in an naɗe ta, amma kowane hoto a jikin fim ɗinta faɗin yatsu huɗu ne, gashin gira ma sai ya fito. Hoto goma sha biyu kacal a naɗin fim ɗaya, saboda haka a yi tunani kafin a danna. Kana ta bayani a hankali, agogo talatin suna ƙas-ƙas a bayanka kowanne da nasa lokacin, ni ina satar kallon nawa don in koma makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Tsoho mai bakin zuma. Har shayi ka miƙo min.

Ka san me ya kai ni wurinka? Na gaya maka, kar ka ce ban gaya maka ba. Baba. Shekara saba'in da takwas, kafinta, gida babu hotonsa ko ɗaya sai na katin shaida, wanda hatimi ya cinye rabin fuskar. Da an ɗaga waya za a ɗauke shi sai ya ɗaga tafin hannu. Wayata cike take da tafin hannun Baba — bikin Yaya, tafin hannu, ranar da na gama karatu, tafin hannu. Ya ce abin da ake gogewa da yatsa ba hoto ba ne. Ya ce in hoto ake so, a nemo irin wadda aka ɗauki nasa uban da ita, mai buɗewa tana miƙo wuya. Ya ɗauka ba zan samu ba. Bai san 'yar da ya haifa ba… ko kuwa ya sani, shi ya sa ya faɗa?

Bayan kyamara a buɗe. Tocila ciki. Haske ya cika zugazugin, ina jin ɗuminsa a yatsuna. Bari idona ya saba. Gefen dama, ninki na farko, na biyu, na uku. Babu. Za ta fito. Irin wannan huda a kusurwa take ɓoyewa, kamar mai ita.

Lahadi da hantsi Baba ya zauna min. Farar riga, hula ya canza sau biyu, shi da ya ce ba ruwansa da hoto. Kujerar da ya ƙera da hannunsa, ya sa na fito da ita tsakar gida, ya ce ita ma a gan ta. Na kafa kyamara kan ƙafa-uku na aro, rana a bayana, yadda ka ce. Ka ce rana a bayanki, haske a fuskarsa, na yi. Na leƙa 'yar tagar awon nisa, sai ga Baba ya rabu biyu, ɗaya kan ɗaya, sai an murɗa ɗan ƙarfen nan a hankali su haɗu su zama mutum ɗaya, sannan nisa ya yi daidai. Na ce, «Baba, ka zama biyu.» Ya ce, «To ki ɗauki wanda ya fi kyau, ki bar min ɗayan in tafi da shi kasuwa.» Na yi dariya har kyamara ta girgiza. Na haɗe su. Na ɗana, na danna. Ɗan ƙaramin sauti, ƙit, kamar an karya tsinke.

Sai in murɗa fim, ina leƙen jar tagar baya har lamba ta gaba ta fito, biyu, uku… sai shi kuma ya ce dakata. Tsakanin kowane hoto sai ya yi hira. Mutumin da bai cika magana ba, ranar bakinsa ya buɗe. In bar kyamara a tsaye, in zauna kan turmi, ya yi ta ba ni labari. Ubangidansa na farko da ya kore shi kan ƙusa uku. Gadon da ya yi wa wani alƙali, ya fi ƙofar ɗakin faɗi, sai da aka fasa bango. Rana tana ta hawa, bayana yana zafi, ban damu ba.

Kwana goma sha tara. Kwana goma sha tara bayan nan, Mai Agogo, Baba ya kwanta da la'asar ya ce ƙirjinsa, kafin Yaya ya juyo da mota an gama. Ina zaman makoki ina riƙe da abu ɗaya a raina — ina da shi, yana cikin jaka, a fim ɗin nan naɗe cikin takarda. Na gaya wa Gwaggo. Na gaya wa Yaya, na ce kowa zai samu babba na bango. Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi min albarka, na fi su duka hankali. Yanzu in je in ce mata me? In ce ga rigarsa, ga kujerarsa?

Gefen hagu. Ninki na farko. Na huɗu. Bari in ja fatar kaɗan, wataƙila sai an miƙe ta sosai. Waya na ta zuu a cinyata. Ku yi haƙuri, tana zuwa.

Mai wankin hoto bai iya kallon idona ba. Ya shimfiɗa su kan tebur, goma sha biyu, ya ja baya. Komai ya fito. Zaren da ya zare a bakin hannun rigarsa ya fito. Jijiyoyin bayan hannunsa, tabon zarto a babban yatsa, layukan jikin katakon kujera, har kazar maƙwabta da ta ratsa a na biyar. A tsakiya kuwa, daidai inda fuska take, farin tabo, zagaye. A kowanne. Wani ƙarami, ya bar min haɓa da gefen kunne, wani ya cinye har kafaɗa. Ya ce haske ne ya shiga, galibi zugazugi ne a irin waɗannan tsofaffin. Galibi. Ban tsaya jin sauran ba.

Sau uku ka kira ni tun safe, ban ɗauka ba. Me za ka ce? Ka ce in kawo ka duba? In kawo ka shafa baƙin manne a ɓoye, ka ce ina hudar take? Na san irinku. So nake ka zauna cikin agogunanka babu mai ɗaga labulen shagon. So nake ka ji yadda ake buɗe ambulan a tarar babu kowa ciki. Ranar Asabar da kaina zan zo, lokacin da 'yan zauren suke taruwa a shagonka, in jera maka su sha biyun kan gilashinka, in ce zaɓi wanda za ka kai wa Gwaggo. Ba zan ɗaga murya ba. Baba bai taɓa ɗaga murya ba, kallo kawai yake yi, mutum ya shiga taitayinsa. Na gaji kallon nan a wurinsa. Shi kaɗai ma na… a'a. Ba yanzu ba.

Sama babu. Ƙasa babu. To ina take? Tocilar ce ba ta da ƙarfi? Sabon batir ne. Hasken da ke dawowa ta baya ne yake kashe min ido, shi ne. Bari in sa ƙaramar, ta jikin makulli, in tura ta ciki in rufe bayan gaba ɗaya, duhu ya zama duhu. Yauwa. Yanzu ko hudar allura ce sai ta tona kanta.

Baƙi ƙirin. Fatar ba ta ce komai ba. In juya ta… in juya…

Mene ne wannan a zanena?

Ja. Ɗigon haske ja, zagaye, a kan cinyata, yana motsi in na motsa hannu. Ba daga zugazugi ba. Daga baya. Jar tagar da nake leƙen lamba. A tsakiyar bayan take, daidai tsakiya, daidai inda… Tana da ɗan marfi, ashe, ga shi yatsana ya taɓa shi, ɗan ƙarfe mai zamewa, a ture gefe. A buɗe. Tun yaushe? Tun ranar da na sa fim na ture shi don in ga lamba ɗaya. Ban sake taɓa shi ba.

Ƙas-ƙas, agogo talatin. Shayi yana huce min a hannu. Kana cewa wani abu, ka juya bayan kyamarar kana nuna min da farce, ni idona na kan agogona, saura minti goma a kaɗa ƙararrawa. «Malama, kina ji na? Da kin ga lamba, ki rufe. Fim ɗin yanzu ba ya jure rana ta nan.» Na ce na ji. Na ce na ji, Baba, na gode — har Baba na kira ka, don ka sake ni in tafi.

A'a. Kai ka ce rana a bayana. Kai ka ce… ka faɗi wannan, ka kuma faɗi wancan. Biyun ka faɗa. Na ɗauki ɗaya.

Rana a bayana, tana dukan bayan kyamara, ni ina kan turmi ina dariya. Shi ya sa ba su zo daidai ba. Na farko ƙarami ne, don ban jira ba, na danna na murɗa. Na uku ya fi shi, labarin alƙali. Na bakwai, wanda ya cinye har kafaɗa… na murɗa lamba bakwai ta fito, ya ce dakata, zauna. Labarin ranar da aka haife ni. Yadda Inna ta tafi ta bar ni ina kwana shida, yadda ya ɗauke ni ya sa cikin aljihun teburin da yake ƙerawa, ya shimfiɗa rigarsa, yana aiki yana leƙo ni. Bai taɓa faɗa min ba sai ranar. Ya fi rabin awa yana magana, ban ce ya yi sauri ba, ban so ya gama ba. Ina kallon fuskarsa, ita kuma tana ƙonewa a bayana tun kafin in ɗauke ta.

Zuu. Zuu. Mutum ɗari uku da 'yan kai suna jiran huda. Wata ta fasa zuwa ranar Asabar. Allonka, fuskarka, layin shagonka — taka fuskar ta fito sarai, da waya na ɗauka.

Yatsa ɗaya. In tura marfin haka. Ƙit. Jan ɗigon ya ɓace, sito ya koma duhu. Shi ke nan abin, iyakarsa ke nan, ko ƙarfi ba ya so. In buɗe, ja. In rufe. In buɗe…

Waya ta haska a cinyata. Mai Agogo, karo na huɗu. Tana ta ruri, ni kuma babban yatsana yana kan marfin, na kasa ɗaga shi.