Masu Bin Bashi a Bakin Tanderu

Ranar da gidan burodin bayan layinmu ya karye, Inna ko ruwa ba ta sha ba. Ita ke kai musu itace, kuma sun daɗe ba su biya ta ba. Jarinta ke nan kaf. In ya salwanta, sai dai ta koma jiran abin da mu 'ya'yanta za mu miƙa mata, abin da ta tsana fiye da ciwon haƙori.

Kotu ta ce za ta turo jami'i ya rufe wurin, a sayar da kaya a raba wa masu bin bashi. Ana cikin haka sai ga Yaya, direban tirela, ya dawo daga tafiya. Yaya kuwa in ya tsallaka iyaka sau ɗaya, sai kunnenka ya gaji da labarin.

"Inna, na ga irin wannan a ƙasashe uku," ya ce. "A ta farko shari'a ake ta ja har kaya su yi tsatsa, mai bin ɗari ya tashi da goma. A ta biyu gwanjo ake yi nan take, ya samu talatin. Ta ukun ba sa bari a rufe wurin. Aiki na tafiya ana biya kaɗan-kaɗan, har tamanin ake samu."

"Mu wacce ce a ciki?"

"Mu? Inna, ki dai dage da addu'a."

Inna ta yi tsaki. "Me ma za a sayar? Tanderun ginin bulo ne, ba ya ciruwa. In ya huce kuma tsagewa zai yi. Tashi ka loda min itace a baro."

Na ce, "Inna, wanda ya riƙe miki kuɗi za ki ƙara wa?"

"Rufe min baki ki ɗauko ashana."

Mun tarar da Mai Burodi zaune kan buhun da ba komai a ciki, ya haɗa kai da gwiwa. Yana ganin Inna ya fara, "Baba, wallahi..."

"Ajiye rantsuwar. Tashi ka kwaɓa."

"Da wace fulawa?"

Ashe Mai Fulawa na nan, ya zo da guduma zai cire ƙofa a bakin bashinsa. Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan ƙofar ce za ta biya ka? Ko gara ta raina ta." Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya aika aka kawo buhu biyu. Mai Sukari da ya ji, shi ma bai yarda a bar shi a baya ba.

Da jami'in kotu ya iso da kwaɗonsa, layin masu sayen burodi ya tarar har titi. Mai Fulawa ne ke karɓar kuɗi, don bai yarda da kowa ba. Inna na bakin wuta tana ba da umarni kamar gidan ubanta.

"An ce min wurin ya mutu," in ji jami'in.

"Taɓa ka ji, ɗana."

Ya taɓa bangon tanderu, ya yarfe hannu, muka kwashe da dariya har da shi. Ya mayar da kwaɗon jaka, ya ce zai roƙi kotu ta bar aiki ya ci gaba, a riƙa biyan kowa daga ciniki. Kotu kuwa ta amince.

Ƙarshen mako Mai Burodi ya zo gida da kansa, ya durƙusa ya miƙa wa Inna kasonta na farko. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla. Ta goge da bakin mayafi, ta ƙwala min kira.

"Ke, je wurin dillalan itace ki ce a kawo min mota guda. In sun tambaya wa zai biya, ki ce ni."