Magaribar Kano a Anacha

Shekara talatin da ɗaya Ladan Isma'ila yana kiran salla a masallacin 'yan albasa da ke bayan Kasuwar Relief, a Anacha, ba a taɓa kama shi da kuskuren minti ɗaya ba. Mahaifinsa ne ya fara kira a wurin tun masallacin yana rumfar kwano, da ya rasu aka miƙa wa ɗansa lasifikar ba tare da an zauna shawara ba. Da kiransa mutanen layin suke saita agogo. Har matan Ibo masu garin rogo a bakin hanya sun san in ya yi na la'asar, lokacin fara tattara kaya ya yi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne idonsa ya soma tafiya. Jadawalin lokutan salla da ake bugowa duk wata a manna a bango ya koma masa kamar jerin tururuwa. Wata uku yana ta dabara. Sai ya tsayar da wani ya ce, "Karanto mini na yau, in ji ko masu bugawa sun yi daidai," kamar malami na jarraba ɗalibi. Mutane kuwa suna jin daɗin a jarraba su. To amma ga azumi ya ƙarato, magaribar azumi kuma ba ta son kame-kame. Ya san in liman ya gane, za a ce ya huta haka nan. Cikin ladabi za a faɗa, har da addu'a a kai, amma dai lasifikar ta bar gidansu ke nan. Wannan shi ne abin da yake tsoro, fiye da makantar kanta.

Ana saura kwana uku a ga wata, 'yarsa Rahamatu ta zo daga Fatakwal da kayan azumi. A Rumuokoro take aure, tana da shagon kayan waya a bakin tasha, don haka ko gaisawa ba su gama ba ta lura da yadda yake kai wayarsa har kan hanci.

"Baba, wayar nan sansana ta kake yi ko karantawa?"

"Rubutun zamani ne ya ƙanƙance," in ji shi.

"Abeg, kawo ta. Yau sai na sauya mata kamanni."

Ta zauna a kan tabarma ta yi ta aiki har ya dawo daga la'asar. Ta sauko da wata manhaja mai sauya wa waya fuska gaba ɗaya, ta share tarkacen da ya cika allon, ta bar manyan gidaje guda shida, kowanne ya kai kan babban yatsa. Huɗu hotunan mutanen da yake kira ne, ɗaya tocila, ɗaya karatun Alƙur'ani. Ta ƙara girman lambobi har sai da ya iya karanta su daga nisan hannu. Ladan ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba, amma bai nuna ba, sai cewa ya yi jan launi ya yi yawa a allon, a mai da shi kore.

Da aka zo kan hoton bango ta tambaye shi abin da yake so. Bai yi wani tunani ba ya ce Dutsen Dala.

Shi dai Isma'ila a Anacha aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya binne iyayensa biyu. In ya shiga ciniki da Ibo, sai an ga hularsa ake sanin Bahaushe ne. Zuwansa Kano sau huɗu ne a duniya, biyu daga ciki ta'aziyya. Amma tambaye shi daga ina yake, zai ce maka Bakano ne ɗan Indabawa, har ya kwatanta maka lungun gidan da bai taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba. Ba shi kaɗai ba ne, rabin layin haka suke.

Daga ƙarshe Rahamatu ta ɗora wasu 'yan akwatuna uku a saman allon, waɗanda suka zo a ƙunshi ɗaya: agogo, yanayin gari, da lokutan salla. Na sallar ta saita shi ya riƙa girgiza a aljihu ba tare da ƙara ba. Ladan ya ga magariba a rubuce ɓaro-ɓaro da lambobi kamar na motar haya, hankalinsa ya kwanta. Ta kashe abin da ke gaya wa waya inda mai ita yake, don yana shan caji, wuta kuma ba kullum ake samu ba. Sai manhajar ta nemi a rubuta mata gari da hannu.

"Baba, yanayin wane gari kake so ka riƙa gani?"

"Na Anacha ai ina ganinsa ta taga. Sa mini na gida."

Ta rubuta Kano. Hoton rana ya fito tar a gefen Dala, alhali a waje hadari ne ya haɗo. Ya yi murmushi. Daga ita har shi, babu wanda ya san cewa akwatunan nan uku gari ɗaya suke bi. Washegari ta hau okada zuwa tasha ta koma Fatakwal.

A wannan lokaci na shekara rana tana riga faɗuwa a Kano da kamar minti tara kafin ta faɗi a Anacha. Masallacin 'yan albasa kuwa a cikin rami yake, benaye sun kewaye shi ta ko'ina, ga ƙarar janareta da ba ta barin a ji kiran wani masallaci. Azumin ya zo da farkon damina, kullum yamma sama a rufe. Ranar farko wayar ta girgiza a aljihun Ladan, ya ɗaga kai ya dubi ɗan abin da ake gani na sama don idon mutane, ya kama lasifika. Aka sha ruwa, aka yi masa sannu.

Rana ta biyu Alhaji Ya'u, wani dillalin albasa mai yawan magana, ya ɗaga wayarsa bayan an kira.

"Ladan, tawa fa ta ce da saura minti tara."

Sahu ya ɗauki dariya. Wani ya ce wayar ma azumi take yi, shi ya sa take jan ƙafa. Liman, Malam Fakhruddeen, dattijo mai magana a hankali, ya haɗiye dabinonsa ya ce, "Alhaji, tun ba a ƙera wayar nan ba Isma'ila yake kira. Sha ruwanka." Alhaji Ya'u ya dubi wayar, ya dubi Ladan, ya sha. Wasu biyu ko uku ma tasu wayar haka ta nuna, amma suka mai da ita aljihu, don a wurinsu in waya da Ladan sun saɓa, waya ce ta yi kuskure. Shi kuwa Ladan ya ji daɗin maganar liman ƙwarai, duk da ya san abin da ke cikin aljihunsa.

Ranar huɗu ga wata aka yi ruwa da iska tun azahar, wayar lasifikar da ke kan rufi ta tsinke. Da magariba ta kusa, Ladan ya ce ba komai, zai hau sama ya yi da baki kamar yadda mahaifinsa yake yi. Ya bi matakalar ƙarfe a hankali, yana lalube. Wayar ta girgiza, ya fuskanci alƙibla ya toshe kunne ya yi kira, muryar ta fita tas. Yana jin ƙarar kofuna daga ƙasa.

Da ya juyo zai sauko, sai ya ga hadarin ya yaye ta yamma. Can wajen Asaba, a hayin kogi, ta tsakanin benaye biyu, ga rana nan jawur, ko taɓa ƙasa ba ta yi ba. Idonsa ya yi rauni, gaskiya ne, amma rana ba rubutun jadawali ba ce. Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakala yana kallonta har ta nutse. An ɗauki lokaci kafin ta nutse ɗin.

Ya sauko, ya ta da iƙama, ya bi salla, bai ce wa kowa komai ba. Da ya isa gida ya danna hoton Rahamatu ya gaya mata abin da ya gani. Ta sa shi ya karanto mata lambar magaribar, ta duba tata wayar.

"Wayyo Baba. Lokacin Kano ne. Ni na ɗauka yanayin kawai na saita."

"Ni na ce ki sa," in ji shi.

"To ji nan, Baba, no wahala. Zan gaya maka inda za ka danna, mu gyara yanzu. Gobe ka kira daidai. Wa zai sani? In an ga ka ɗan jinkirta, ka ce hadari ne."

Ba ta faɗi abin da bai riga ya faɗa wa kansa ba tun a kan matakala. Hanyar a buɗe take, kuma babu mai tare shi. Sai dai ya san mutanen da suka sha ruwa da muryarsa ɗaya bayan ɗaya: sahu biyar na masallaci, masu dako da suka wuni ɗauke da buhu a ka, matan da ke cikin gidaje suna jira da kofi a hannu, har da tsohuwa Tabawa da likita ya hana azumi ta ƙi. Kwana huɗu kowannensu. In ya yi shiru, za su tafi da azumi huɗu a karye ba su sani ba. In ya yi magana, dole ya faɗi waya, in ya faɗi waya kuma dole ya faɗi ido.

"Bari dai, Rahamatu," ya ce. "Ki gaida maigidan."

Washegari bayan an sallame azahar, kafin mutane su watse, ya miƙe ya ce yana da magana. Bai yi doguwar shimfiɗa ba. Ya ce idonsa ya daina ganin jadawali tun wata uku da suka wuce, ya ɓoye. Ya ce da waya yake kira tun farkon azumi, wayar kuma a kan lokacin Kano take, saboda shi ya ce a sa Kano. Ya ce jiya ya ga rana da idonsa bayan ya gama kira. Ya nemi gafarar jama'a, ya nemi ta Alhaji Ya'u daban, sannan ya zauna. Kunya ta kama shi.

Malam Fakhruddeen ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi alhali ba ta faɗi ba, ramuwa ce a kansa, babu kaffara. Kowa ya rama kwana huɗu bayan Salla, kuma kowa ya kai saƙon gidansa. Wani mai dako daga baya ya ce, "Kwana huɗu!" da ƙarfi, aka ce masa ya yi shiru. Game da ladanci kuwa, liman ya ce Isma'ila ya ci gaba zuwa ƙarshen wata, daga nan a gani. Kowa ya san ma'anar a gani.

Alhaji Ya'u, wanda aka zaci zai cika masallacin da na-faɗa-muku, bai yi hakan ba. Da mutane suka ragu ya matso ya zauna kusa da Ladan ya miƙa hannu.

"Kawo in gyara maka."

Ya yi 'yan danne-danne, ya yaba girman lambobin, ya ce shi ma zai so a yi wa tasa haka. Sannan ya tsaya.

"Ga wurin. Wane gari zan sa?"

Ladan ya dubi Dala a allon. Tambaya ce da aka yi masa sau dubu a rayuwarsa, amsarta ɗaya ce kullum.

"Sa Anacha," ya ce.

Alhaji Ya'u ya rubuta. Ranar da ke gefen dutsen ta ɓace, gajimare mai ɗigon ruwa ya maye gurbinta, irin wanda ke sauka a kan kwanon masallacin a daidai lokacin. Lambar magariba ta matsa da minti tara.

"A cire hoton ma?"

"A'a, bar shi. Shi bai karya azumin kowa ba."

Da yamma an gyara lasifika. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kofunan kunu da farantan dabino da yankakkiyar abarba. Wayar ta girgiza a aljihun Ladan, ya ƙara minti ɗaya don kansa, sannan ya yi kira. Muryar nan ce dai ta shekara talatin da ɗaya, ba abin da ya ragu a cikinta.

Da ya juyo, ba wanda ya taɓa kofi. Tun daga sahun gaba har bakin ƙofa hasken wayoyi ne a tafin hannu, kowa ya sunkuyar da kai yana dubawa. Malam Fakhruddeen ba ya riƙe waya, don haka ya kalli Alhaji Ya'u. Alhaji Ya'u ya gyaɗa kai, liman ya ce bismilla, hannuwa suka nufi faranti.

Ladan ya rataye lasifikar a ƙusarta, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Na kusa da shi ya miƙo masa dabino ya ce, "An sha ruwa, Ladan." Ya karɓa ya yi godiya.