Ashirin ga Wata na Huɗu

…kuma ai ban yi ƙarya ba, Baba. Likita da bakinsa ya ce ranaku biyu ne babu kowa a layin tiyata, farkon wata ko ashirin ga wata. Ya ce sauri ya fi, amma kowacce ta yi. Kowacce. Kana kwance, Umma ta kalli Yaya, Yaya ya kalle ni — "Furofesa, ke ce mai boko, zaɓa mana." Na ce ashirin. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Yau ce ashirin ɗin. Kana bayan waccan ƙofar, an sa ka barci, ana buɗe cikinka. Ni ina kan bencin ƙarfe mai cizon cinya, takalmanka a leda a jikina. Warin maganin goge ƙasa. Wata ma'aikaciya na tura gado, tayarsa ɗaya tana kuka, tana kuka…

Dalilin? Littafi ne. Tsohon littafin almarar nan da na yi aikin kammala digiri a kansa, mai dodanni da takubba da birane a cikin duwatsu. "Yanzu duk shekarun nan dodo kika je karantowa?" Haka ka ce, ƙafarka a kan keken ɗinki, zare a bakinka, kana dariya. Amma ka saurara. Kai kaɗai ka saurara har ƙarshe.

Ni na gano, ba wanda ya nuna mini — marubucin ba ya jefa kwanan wata haka kawai. Mutum ne mai riƙon addininsa, ya mutu tun ba a haife ka ba. Ranar da ayari ya fita a littafin, ranar da birni ya faɗi, na jera su da ranakun ibadar mutanensa, suka zauna daram. Ashirin ga wata na huɗu kuwa, ranar da suke addu'ar marasa lafiya, ita ce ranar da tsohon maƙerin da dodo ya sara ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Malamina ya bi shafukan da jan biro. Duk inda na rubuta "tabbas" ya soke. "Sa mai yiwuwa, 'yata. Mai yiwuwa." Na ce a raina tsufa ne, tsoro ne, hassada ce ma.

Ni da nake yi wa Goggo wa'azi a kan camfi. Ni.

To mene ne laifin? Rana ce kamar kowace rana, duk na Allah ne, na dai ɗauki wadda zuciyata ta kwanta da ita… Makonnin da ke tsakani fa? Ka daina gama abincinka. Ka rage ƙugun wandonka da hannunka, a ɓoye, na ga sabon ɗinkin a kan igiyar shanya. Kana riƙe bango in za ka banɗaki. "Furofesa ta ce ashirin, ashirin za mu jira." Har da alfahari kake faɗa wa maƙwabta.

Yaya yana kai da komo, waya a kunne, ba da kowa yake magana ba. Sun ce ba za a daɗe ba. An daɗe.

Bari in karanta babin a kaina, na haddace shi. Ɗaki mai duhu. Maƙerin a kan shimfiɗa, 'yarsa a gefe. Taga a buɗe, iska na shigo da muryoyin masu girbi daga gona, sai yatsunsa suka —

Masu girbi.

Girbi a wata na huɗu? A ƙasar marubucin lokacin ne ma ake shuka. Na karanta layin nan har ya zama kamar sunana, ban taɓa tsayawa ba. In suna girbi, to shekarar mutanen littafin ba ta fara inda tamu ke farawa. Watansu na huɗu ba namu ba ne. Ranar fitar ayari, ranar faɗuwar birni, duk abin da na jera… a kan kalandar da ba tasu ba na jera shi. Ko marubucin ya yi nufin wani abu, ko bai yi ba, ba wannan ranar ba ce.

To wace rana na ajiye ka kana jira, Baba? Babu maƙeri a cikinta. Babu kowa. Talata ce kawai.

Umma ta gaji da zama, ta kwantar da kanta a kafaɗata. Tana nauyi. "Gara da kika zaɓa mana," in ji ta, idonta a rufe. "Ni kam kaina ya kulle."

Hannuna ya mutu a ƙarƙashinta. In na motsa za ta ɗago, in ta ɗago za ta ga fuskata…