Alkawari a Bakin Rijiya

Gwaggo Hinda ba ta ko gama shan furar da aka kawo mata ba ta shiga maganar da ta taso ta daga Magaria zuwa Yekuwa. Ungozomar asibiti ce, sajifam kamar yadda ake kiransu, kuma ita ta riƙe Hidaya, 'yar wanta Malam Mutari, har yarinyar ta ci jarrabawar brebe a bana.

"Gobe zan wuce da ita Damagaram, lakwal ɗin lafiya, makarantar ma'aikatan asibiti," ta ce wa wanta. "Sajifam za ta zama. Aiki ne na mutunci."

Malam Mutari ya gyaɗa kai. Hidaya tana durƙushe a gefen tabarma.

"Gwaggo, ni ba karɓar haihuwa nake so ba," ta ce a hankali. "Jinyar masu taɓin hankali nake so in koya."

Babu wanda ya dubi ɗakin da ke bayan rumbu, amma duk can hankalinsu ya tafi. A ciki wan Hidaya, Ɗayyabu, yake ɗaure tun da ya dawo daga ci-rani a Libiya yana magana da mutanen da ba kowa ke gani ba. An yi rubutu, an yi turare, abin bai sake shi ba.

"Namu na gida bai ishe mu ba, sai kin kwaso mana na duniya?" in ji mahaifinta. "Wa zai auri likitar mahaukata?"

Kafin ta amsa, wata maƙwabciya ta shigo tana haki. "Malam, Ɗayyabu ya kwance. Yana bakin rijiya."

Sun iske shi zaune a kan simintin bakin rijiyar, ƙafafunsa na lilo a ciki, guntuwar igiya na reto a idon sawunsa. Mata sun ja da baya da gugunansu. Maza sun yi da'ira da sanduna, amma duk wanda ya matsa, sai Ɗayyabu ya ƙara zamewa gaba.

Gwaggo Hinda ta shiga gabansu. "Duk wanda ya ƙara taku, shi ya tura shi."

Hidaya ba ta nemi izinin kowa ba. Ta cire takalmanta ta nufe shi.

"Yaya, ni ce Hidaya."

"Turo ki suka yi."

"Ba wanda ya turo ni."

Ya leƙa cikin rijiyar. "Abokan tafiyata suna ciki. Tun a hamada ba su sha ruwa ba. Ba ki ji suna kirana?"

Ba ta ji kiran kowa ba. Ta duƙa ta ɗauki guga.

"To zo mu ja musu. Ni kaɗai ba zan iya ba, ka san igiyar nan da nauyi."

Sai ya cafke wuyan hannunta ya fizgo ta. Gwiwarta ta daki siminti, ta hango ruwan can ƙasa, baƙi ƙirin, da ɗan hasken sama a kansa. Wata mata ta fara salati.

"In na fito ɗaure ni za su yi."

"Ba za su ɗaure ka ba. Na yi maka alkawari."

Ya daɗe yana kallon fuskarta. Daga nan ya fito da ƙafa ɗaya, ya fito da ɗayar. Suka zura guga tare, suka fara ja. Gugan bai kai sama ba mazan suka rufe Ɗayyabu, igiyar ta suɓuce ta koma ciki. Bai yi kokawa ba. Ita kawai yake kallo har aka juya da shi.

Da la'asar Gwaggo Hinda ta zauna tana shafa wa hannun Hidaya magani, ya kumbura ya yi sawun yatsu.

"Kin yi masa alkawarin da ba a hannunki yake ba," ta ce. "Alkawarin ya fitar da shi, amma sai kin biya. Kuma hanyar da kike so doguwa ce. Sai kin fara zama ma'aikaciyar jinya, ki yi aiki, sannan ki ƙara karatu. Ba lalle Ɗayyabu ya jira ki ba."

"Na sani, Gwaggo."

"To in mun isa, ke za ki faɗa wa malaman lakwal ɗin da bakinki. Mahaifinki kuma ki bar ni da shi."

Da safe, mai babur na jira a ƙofar gida, Hidaya ta tsaya a bakin ɗakin bayan rumbu. Ɗayyabu na kwance ya ba ta baya, sabuwar igiya a ƙafarsa.

"Yaya, zan tafi karatu."

Har ta juya, sai ta ji muryarsa, fuskarsa na kallon bango.

"Kin kai musu ruwan?"

Kalmar "eh" ta zo mata har bakin leɓe. Ta haɗiye ta.

"Ban kai ba, Yaya."

Ta ɗan jira, sannan ta ɗauki jakarta da hannun da bai kumbura ba ta fita.