Ƙararrawar Jakar Chizuru

Da Tokuji ya san abin da safiyar nan za ta zo da shi, da bai kwanta ba sai ya laluba aljihun rigar aikinsa.

A ƙauyen Sugisawa ba a barin yaro ya tafi makaranta sai da 'yar ƙararrawa a jikin jakarsa, don beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, ta ji ƙara tun daga nesa ta kauce. Jiya da yamma Tokuji zai hau dutse duba amyoyin zumarsa, ya nemi tasa ƙararrawar ya rasa, sai ya kwance ta 'yarsa Chizuru. Da niyyar in ya dawo ya mayar. Ya dawo a gajiye, ya yi wanka, ya ci shinkafa, barci ya kwashe shi.

Da safe yarinyar ta fice a guje don ta makara. Hanyarta ta bi ta bayan ɗakin bauta, cikin itatuwa, ta ƙetare jar gada, sannan tashar jirgin ƙasan da ke kai yara makaranta a birni.

Tokuji yana shan shayi lasifikar ƙauye ta sanar an ga beyar da ɗanta kusa da jar gada.

"Kwantar da hankalinka, Baban Chizuru," in ji matarsa Fusae. "Da hannuna na ɗaure mata ƙararrawar, ƙulli biyu."

Tokuji ya miƙe zumbur. Ya fizgo rigarsa, sai aljihun ya yi ƙara.

Fusae ta ajiye kofin hannunta. "Mene ne wannan?"

Ya kasa kallonta. Ya fita da takalmi a hannu.

Tsoho Genzo, maƙwabcinsu, yana loda kabeji a mota. "Kai Tokuji, da wannan tumbin za ka yi tsere da beyar?" Da ya ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. "Shigo, yaro."

Suka bi hanyar a hankali, Genzo yana danna hon, Tokuji yana kiran sunan Chizuru har muryarsa ta dushe. A bakin gada suka ga sawu a cikin laka, manya da ƙanana. Ba su ga yarinya ba.

Suka isa tasha jirgi ya riga ya tashi. Tashar ba ta da ma'aikaci, balle su tambaya. Tokuji ya kira makaranta, aka ce jirgin bai iso ba tukuna.

Ya zauna a kan benci ya riƙe wayar da hannu biyu. Ko Chizuru tana cikin jirgin nan ko ba ta ciki, babu wanda ya sani.