Maratayin Agogon Dantong

Ishaku mai gyaran agogo ya zazzage gwangwanin tarkace a kan tebur yana neman wata 'yar ƙusa, sai ga abin da ya shekara biyu yana rantsuwa babu shi a duk faɗin Jos: maratayi, siririn ƙarfen nan da lilon agogon bango ke rataye a jikinsa. Ya auna shi da rula. Daidai da na agogon Dantong, ba ragi ba ƙari. Maimakon murna, sai ransa ya ɓaci.

Dantong tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya daga Vom. Lokacin da maratayin agogonsa ya karye, Ishaku ya yanko wani daga ƙarfen laima, ya ɗan zarce tsawo. Lilo kuwa in ya yi tsawo, nawa agogo yake yi. An ɗaure notin da ke rage tsawon lilo har ƙarshe, amma duk mako sai ya ci baya da minti goma sha biyar. Don haka kowace Alhamis Dantong zai naɗe shi a tawul, ya hau acaɓa daga Unguwar Rukuba zuwa Nasarawa Gwom, ya shigo yana mita wai an cuce shi. Ishaku zai buɗe, ya hura, ya tura hannun agogon gaba, aikin da mai shi zai iya da yatsa ɗaya a ɗakinsa. Dukansu sun san haka. Sai su sha shayi, su yi gardamar wa zai riga wani zubar da haƙora.

Tun bayan rikici, Dantong kaɗai ya rage mai tsallakowa daga wancan ɓangaren, kuma agogon ne hujjarsa a wurin 'ya'yansa. Wayar hannu ta kashe kasuwar gyara. Tabawa, matar Ishaku, ta rasu. Ɗansa Musaddiq na Kaduna, sai sallah sallah yake kira. Kaɗaici ya ci tsohon nan ƙwarai. In agogon ya gyaru, Alhamis ma ta zama kamar sauran ranaku.

Ishaku ya jefa ƙarfen a aljihu. Ƙarya dai ba zai yi ba, in ji shi, shiru kawai zai yi. Ya ɗora ruwan shayi, don yau Alhamis ce.

Wajen sha ɗaya acaɓa ya tsaya. Wata mata ce ta sauko rungume da tawul ɗin.

"Sannu da aiki, Baba. Ni ce Yael, 'yar Dantong."

"Maraba, 'yata. Ina tsohon rigimammen?"

"Ya faɗi ran Lahadi. Gefe ɗaya ya shanye, baki ma ba ya fita sosai." Ta ajiye agogon. "Bango kawai yake kallo. Da wannan agogo yake sanin lokacin magani, in mun kawo kafin ya buga sai ya rufe baki. Don Allah, Baba, a gyara shi gaba ɗaya. Ba mai sake kawowa."

Kunya ta kama Ishaku, baƙin ciki ya fi ta. Ya sa hannu a aljihu.

Aikin bai kai minti goma ba. Ya zare ƙarfen laima, ya saƙala na ainihi, ya rataya lilon, ya sassauta noti. Ya kasa kunne: bugun ya daidaita, tsaf. Shekara biyu ke nan bai ji agogon nan ya yi lafiyayyar murya haka ba, bai kuma taɓa jin haushin aikinsa kamar yau ba.

"Ya gyaru?"

"Ya gyaru."

Ta miƙa hannu za ta naɗe, ya dafe akwatin agogon.

"Wa zai rataya shi?"

"Ƙanena. Ƙusa na nan ai."

"Ƙusa! Irin wannan in ya karkata ko da kaurin ashana ne, tsayawa zai yi. Da kunne ake rataya shi, ba da ido ba."

Yael ta ce, "Baba, unguwarmu fa..."

Ishaku ya san abin da take nufi. Rabon ƙafarsa da Unguwar Rukuba shekara shida, kuma tsoron bai bar shi ba. Ya sauke ruwan shayi, ya cire lilon ya sa a aljihu, ya ɗauki kwaɗo da makulli.

"Tare mana acaɓa biyu, 'yata. Ni zan riƙe shi."